DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA: Darasi a kan gashin burodi a gida da cin abinci tare

An shirya wannan darasi domin karantawa a taron zumuntar mata, amma muna roƙo a karanta shi kuma inda maza suke, gama akwai rabonsu a ciki. Mai karatu ya riƙa tsayawa a ƙarshen kowane kashi domin a yi tambaya.

MANUFAR DARASI

1. Mu gane dalilin da ya sa bai kamata yaro ya tafi makaranta da ciki wayam ba.
2. Mu koyi haɗa garin kunu mai gina jiki, da gasa burodi da biskit a tukunya, da abin da muke nomawa.
3. Mu sake duba yadda muke zaman cin abinci a gidajenmu.

KASHI NA 1: ABIN DA AKA GANI A ƊAKIN KARATU

Akwai wata 'yar'uwarmu mai kula da ɗakin karatu, wato laburare, a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma. Asalinta daga wani ƙauye ne a ƙasar Kurfi, kuma har yanzu ita da maigidanta suna noma a can. Za mu kira ta Malama, kamar yadda yaran makaranta suke kiranta.

Aikin Malama shi ne jera littattafai, da rubuta sunan wanda ya ara, da lura da yara sa'ad da suke karatu. Ta daɗe tana ganin wani abu. Da zarar ƙarfe goma sha ɗaya ta kusa, sai waɗansu yara su kifa kai a kan littafi su yi barci. Da fari ta ɗauka lalaci ne, tana tashe su da faɗa. Daga baya ta soma tambayarsu abin da suka ci da safe. Wani ya ce bai ci kome ba. Wata ta ce ruwan shayi ta sha. Wani kuma biskit ɗaya ya saya a bakin ƙofar makaranta.

Ana nan sai malamin ɗanta na firamare ya aiko mata cewa yaron yana yawan gyangyaɗi a aji. Abin ya dame ta ƙwarai. Ita ce mai yi wa 'ya'yan wasu faɗa, ga shi nata ma haka yake. Ba rashin ƙauna ba ne ya jawo. Tana fita tun kafin ƙarfe bakwai da rabi, ba ta dawowa sai bayan ƙarfe biyu. Saboda sauri, takan miƙa wa yara 'yan kuɗi su sayi burodi ko biskit a hanya. Ran da kuɗi suka yanke, sai su tafi haka nan.

Yawancinmu ba ma aikin ofis, amma labarin ɗaya ne. Mai sammakon zuwa gona, da mai zuwa ɗibar ruwa, da mai tafiya kasuwa, duk suna barin gida kafin yara su karya kumallo. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da bai ci ba, ko an ba shi littafi mai kyau da malami mai kyau, karatun ba zai zauna ba.

Al'amarin kuwa ya wuce gyangyaɗi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Katsina, wajen yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A watan Yuli na 2025 kuma ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, ta ba da sanarwa cewa yara 652 masu tamowa sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗannan 'ya'yan maƙwabtanmu ne. Mun san rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, mun kuma san tsadar kaya. Ba mu da iko a kan waɗannan. Amma akwai abin da yake hannunmu, shi ne yadda za mu sarrafa ɗan abin da ya shigo gida.

KASHI NA 2: ME YA SA BURODI YA YI TSADA?

Da fulawa ake burodi, fulawa kuwa daga alkama take. Ana noman alkama da rani a wurare kamar Kadawa a Jihar Kano da kwarin Hadeja a Jigawa, amma mafi yawan wadda ake ci a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta da dala. Manya a cikinmu za su tuna lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, har aka janye hanin a 1992. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama a duniya. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya iso har teburin mai shayi na ƙauyenmu: burodi ya ƙara kuɗi, ya kuma rage girma.

Ba mu ce burodin kasuwa abin ƙi ne ba. In za a saya, a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin ledar. A zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, aka hana sa sinadarin buromet a burodi, wanda yake sa shi kumbura sosai amma yana iya cutar da ƙoda. Sai dai ko burodin mai kyau ne, shi da ruwan shayi kaɗai ba sa riƙe yaro. Ƙari ga haka, shayi yana rage wa jiki amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda shi ne yake ƙara jini.

Abin mamaki shi ne, mu ne masu noma gero da dawa da gyaɗa da wake da waken suya. Mukan sayar da su da araha a lokacin kaka, sa'an nan mu sayi abin da bai kai su amfani ba da tsada.

KASHI NA 3: HALAYEN LABURARE A MADAFA

Malama ba ta je wata makarantar girki ba. Halayen aikinta ta kawo gida, guda uku.

Na fari, rubutu. Ta ɗauki tsohon littafin rubutu ta riƙa sa duk abin da aka kashe a kan abinci har wata guda. Da ta haɗa lissafi, sai ta ga kuɗin burodi da biskit da lemon kwalba sun fi kuɗin wake da kifi a haɗe. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa.

Na biyu, kowane abu da mazauninsa. Kamar yadda take manna wa littafi lamba, haka take manna takarda a jikin robar gari, ta rubuta ranar da aka niƙa. Wanda ya riga shigowa shi ake fara ci.

Na uku, tsaro. Ta ce mana maƙiyan littafi su ne maƙiyan gari: gara, da ɓera, da kyankyaso, da laima. Ba a ajiye littafi a ƙasa ko a jingina shi da bango mai danshi, haka ma buhun hatsi. A ɗora shi a kan katako ko duwatsu. Gari kuma a sa shi a roba mai murfi mai kamawa.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Gyaɗa da masara in sun sha laima sukan yi funfuna, funfunar kuwa tana haifar da wata guba mai suna afalatoksin wadda take lalata hanta, tana kuma hana yara girma. Dahuwa ko suya ba sa kashe ta. Saboda haka a tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canja launi, ko take da ɗaci, a zubar. Kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko kunun yara da ita don gudun asara.

KASHI NA 4: GARIN KUNU MAI GINA JIKI

Wannan shi ne tushen sauran aikin. Ma'aikatan lafiya suna kiransa Tom Brown. Awonsa shi ne shida, uku, ɗaya:

- hatsi awo 6 (gero ko dawa ko masara, ko a gauraya su)
- waken suya awo 3
- gyaɗa awo 1

Ko da tiya aka auna ko da gwangwani, muddin ma'auni ɗaya ne. A tsince, a wanke hatsin, a shanya ya bushe sarai. A soya kowanne dabam a busasshen kasko, ba mai, da wuta kaɗan, har ya yi ƙamshi ya soma ja. Waken suya ya fi bukatar haƙuri, gama ɗanyensa yana da abin da ke hana ciki narkar da shi, zafi ne yake kashe wannan abin. Bayan an soya shi a ɓarza, a sheƙe ɓawon. A murje gyaɗa a fece ta. Sa'an nan a haɗa duka a kai inji, a tankaɗe, a bari ya huce kafin a rufe. Kada a niƙa fiye da na wata guda, domin man da ke cikin gyaɗa da waken yakan sa gari ya canja ɗanɗano.

Da safe a dama cokali uku ko huɗu da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a riƙa motsawa har minti goma. Kunun ƙaramin yaro ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, gama cikinsa ƙarami ne, ruwa-ruwa yakan cika shi ba amfani. A ƙara cokalin manja ko man gyaɗa, da ɗan garin zogale da aka shanya a inuwa.

Me ya sa ake haɗa su? Hatsi yana ba da ƙarfi. Waken suya kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, wato furotin. Abin da hatsi ya rasa wake yana da shi, abin da wake ya rasa hatsi yana da shi. Iyayenmu da suke cin shinkafa da wake, ko tuwo da miyar daddawa, sun riga sun bi wannan hanya.

KASHI NA 5: BURODI A TUKUNYA

Gashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da gurasa ta tanderu, muna da masa ta tanda. Burodi ma ba sai da obin na lantarki ba.

A cikin alkama akwai wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne yake riƙe iskar da yis yake fitarwa, har kwaɓin ya tashi. Gero da dawa da waken suya ba su da shi. Domin haka ba za a iya barin fulawa gaba ɗaya ba, amma ana iya maye kashi ɗaya cikin biyar da garinmu na gida. In aka wuce haka da yawa, burodin zai yi nauyi ya ƙi tashi.

Kayan haɗi, da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa:

- fulawa gwangwani 8
- garin dawa ko gero mai laushi gwangwani 1
- garin soyayyen waken suya gwangwani 1
- yis babban cokali 1
- sukari babban cokali 4
- gishiri ƙaramin cokali 2
- man gyaɗa babban cokali 4
- ruwan ɗumi wajen gwangwani 4

In za a sayi fulawa da sukari da mai, a nemi masu alamar ido a jikin buhu ko kwalba. Tun 2002 doka ta ce a riƙa ƙara musu bitamin A, wanda yake kare ido da ƙarfafa jiki. Gishiri kuma ya zama mai aidin.

Yadda ake yi:

1. A wanke hannu da sabulu. A haɗa busassun kaya, a zuba mai, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri. Ruwa mai zafi yana kashe yis.
2. A murza kwaɓin da ƙarfi minti goma zuwa sha biyar, har ya yi santsi ya daina kama hannu. Wannan aikin samari ma za su iya.
3. A rufe da tsabtataccen zane, a ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa. Da bazara awa ɗaya ta isa. Da hunturu yakan fi haka daɗewa.
4. A danne iskar, a yanka ƙanana, a sa a gwangwanayen da aka shafa wa mai, rabin gwangwani kawai. A bar su su sake tashi kamar rabin awa. Kada a yi amfani da gwangwanin fenti ko na maganin feshi, ko an wanke shi.
5. A zuba wankakken yashi busasshe a babbar tukunya mai kauri, zurfin yatsu uku. A rufe, a ɗora a wuta minti goma sha biyar. A sa 'yan duwatsu masu faɗi a kan yashin, a jera gwangwanayen a kai, a rufe, a zuba garwashi a bisa murfin domin sama ma ta gasu.
6. Kada a riƙa buɗewa. Bayan minti ashirin da biyar a duba. In sama ta yi ja, kuma an ƙwanƙwasa gindin an ji kamar ganga, ya gasu.

A yi gashin a tsakar gida. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji wari ba. A kuma nisanta masu rarrafe daga tukunyar, gama yashi yakan daɗe da zafi. Domin tattalin itace, Malama takan ɗora tukunyar yashi a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo.

Na farkon da ta yi, gindi ya ƙone, tsakiya kuma ɗanye, domin wuta ta yi yawa a ƙasa. Sai a karo na uku ya fito daidai. Kada wadda nata ya ƙi ta karaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Burodin gida ba shi da maganin hana lalacewa, kwana biyu zuwa uku yake yi. Domin sauran kwanakin mako sai a yi biskit, wanda ba ya bukatar tashi sosai, don haka yana ɗaukar garin gida da yawa: fulawa gwangwani 2, garin gero 2, markaɗaɗɗiyar gyaɗa 1, sukari rabin gwangwani, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali 2, da ɗan ruwa. A murza da kwalba ya yi faɗi, a yanka, a gasa a kan faranti cikin tukunyar nan minti goma sha biyar zuwa ashirin. In ya huce a rufe a roba.

Ga yadda makon Malama yake tafiya yanzu. Ranar Asabar da yamma ake gashi, yara suna taya ta. Lahadi zuwa Talata, kunu da burodi. Laraba zuwa Juma'a, kunu da ɗumame mai zafi ƙwarai, ko dafaffen dankali, ko wake, kowane yaro kuma da biskit biyu a jaka domin lokacin tara.

KASHI NA 6: TABARMA ƊAYA

Dafa abinci mai kyau rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin cikin wa ya shiga. A gidajenmu da yawa maigida yana ci a zaure, uwargida tana ci a tsaye a bakin murhu, yara biyar kuma an tura musu kwano ɗaya. Mai shekara goma ya yi loma uku kafin mai shekara biyu ya yi ɗaya. Kwano ya dawo wayam, kowa ya ɗauka kowa ya ƙoshi.

Ga shawararmu:

- A sa lokaci ɗaya na abincin dare, kowa ya zauna a tabarma ɗaya, ko da kwanuka dabam-dabam ne.
- Yaron da bai kai shekara biyar ba a ba shi nasa kwano, babba ya zauna kusa da shi yana lallashinsa.
- Jariri nono zalla har wata shida. Daga wata shida zuwa takwas a ƙara masa abinci sau biyu ko uku a rana. Daga wata tara zuwa shekara biyu, sau uku ko huɗu, ana ci gaba da ba shi nono.
- A wanke hannu da sabulu, ana zuba ruwa daga buta. Kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya.
- A riƙa samun ganye kowace rana: kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, miyar kuka ko kuɓewa. Da rani akwai tumatir da albasa na lambu, akwai kuma kifin dam ɗin Zobe. Ɗan kifi da aka daka cikin miya ya fi babban yanki da mutum ɗaya zai cinye.
- Mai juna biyu da mai shayarwa kada su zama na ƙarshen ci.

A wurin wannan zama ne za a lura da yaron da ya daina cin abinci. In yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. A can za a auna damtsensa da ɗan tef mai launi. In awon ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, kunun gida kaɗai ba zai warkar da ita ba.

Akwai kuma wata riba. Bayan an yi godiya an ci, Malama takan tambayi kowane yaro abin da ya koya a ranar, wani lokaci ɗaya ya karanta wa sauran shafi guda. Ta ce a nan take jin damuwar da ba za su taɓa faɗa mata da rana ba.

KASHI NA 7: MAGANA GA MAZA

Magidanta, makullin rumbu yana hannunku. In an yi girbi, a ware rabon gida na waken suya da gyaɗa da wake tun kafin a kira mai awo. Kuma bari mu faɗi gaskiya cikin ƙauna: akwai maigidan da yakan zauna a teburin mai shayi ya ci burodi da ƙwai, alhali 'ya'yansa sun tafi makaranta da koko tsurarsa. Ƙwai biyun nan, da an fasa su cikin biskit, da gida duka ya samu. Ku dawo gida lokacin abincin dare. Yaron da ya ga mahaifinsa yana cin zogale ba zai raina shi ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me yaranmu suka ci yau da safe kafin su fita?
2. A cikin amfanin gonarmu na bara, nawa muka sayar, nawa muka bar wa gida?
3. Wa yake lura da cin ƙaramin yaro a gidanmu?
4. Akwai gwauruwa ko marayu kusa da mu da za mu iya auna wa daga garinmu?

AIKIN WANNAN WATA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata biyar ko shida su haɗu, kowa ta kawo abin da take da shi, a soya tare, a niƙa tare, a raba. A sayi yis da fulawa a haɗe domin ya fi sauƙi. A gwada burodin sau ɗaya a gaban kowa kafin kowa ta koma ta yi a gidanta. A taro na gaba kowace ƙungiya ta kawo abin da ta gasa, mai kyau da wanda ya ƙone, domin mu koya daga juna.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.